Tiyon Da Yaya Ya Wanke

Shara nake yi a garejin Yayana ranar Talata da hantsi, ina yi ina mita kamar yadda na saba, sai tsintsiya ta ture wani kwali daga ƙarƙashin benci. Kayan ciki suka zubo: tsohon famfon mai, kilif biyu na ɗaure tiyo, da wani baƙin tiyo mai tsawon kamu guda. Na sunkuya zan mayar, sai idona ya faɗa kan farin rubutu a jikin tiyon, tun daga wannan baki har wancan. Shagon kayan gyara gare ni a jikin garejin, ni na sayo tiyon nan da hannuna, don haka na san rubutun. Sabon ne. Kuma ba cikin kwali ya kamata a same shi ba. Tun jiya ya kamata a ce yana ɗaure a jikin babur ɗin da 'yata take hawa a wurin aiki.

Gabana ya yanke ya faɗi. Na ƙwala kira.

"Yaya! Yaya, zo ka gani!"

Yana waje a tsugune gaban wani janareta. Ya taso a hankali yana goge hannu da tsumma, yana cewa, "Yau kuma me na yi? Allura ta faɗi ne?" Na miƙa masa tiyon kawai. Ya karɓa, ya juya shi, ya matsar da shi nesa da idonsa, ya sake juyawa. Sannan ya sa ɗan yatsa ya shafa bakinsa inda aka yanka. Shekara hamsin da 'yan kai ina kallon fuskar mutumin nan, ban taɓa ganin ta koma haka ba, ko ranar da muka binne mahaifinmu.

"In wannan yana nan," na ce, "wanne ne a jikin babur ɗin?"

"Tsohon," ya ce.

'Yata likitar dabbobi ce a wata babbar gonar shanu, tafiyar awa guda daga gari. Kowa Likita yake ce mata, har ni, sai Yaya kaɗai da yake ce mata Uwata, don sunan mahaifiyarmu ta ci. Gonar tana da faɗin da ƙafa ba ta iya zagawa, shi ya sa suka ba ta babur mai ƙafa huɗu, irin mai manyan tayoyin nan da yake hawa tudu da kwari. Watanni ke nan yana ba ta wahala: da rana ta take, ta ɗauki hawa, sai ya yi tari ya mutu, ta zauna a daji tana jiran ya huce. Ita ta matsa wa manajansu a kawo wa kawunta. Yaya ya duba ya ce famfon da yake turo mai daga tanki ne ya gaji, kuma dama can ƙarami ne, a sa babba. Amma ya ce in za a sa babba, dole a canza tiyon da yake mayar da rarar mai cikin tanki. Da tsohon famfo, ɗigo-ɗigo man yake bi ta nan. Da sabon, cike zai riƙa gudu. Tsohon tiyon kuwa ya bushe, ya tsage wajen wuyansa, kuma daidai saman salansa, bututun hayaƙin nan mai zafi, yake wucewa. Ni da kaina na ji ya faɗa wa Likita, "In aka bar wannan, Uwata, a kan murhu kike zaune."

Maganar nan ce ta dawo mini a kunne. Na ciro waya. Sau huɗu na kira ta, matar nan ta cikin waya tana gaya mini ba a samun lambar. Na kira manaja, haka. Dama mun sani, da ka wuce ƙofar gonar nan waya ta zama dutse.

"Amma ka gwada jiya," na ce. "Na ji ka tayar da shi. Ba ka ga yoyo ba?"

"A tsaye na gwada, injin da sanyinsa. Tsagar ba za ta buɗe ba sai roba ta ɗau zafi, ya sha jijjiga." Ya kalli rana. "Ƙarfe nawa take fita zagaye?"

"Tara."

Goma saura ne a lokacin. Yaya bai ko rufe gareji ba, ya tsallaka titi da gudu wajen maƙwabcinmu mai walda. Ban taɓa ganin yana gudu ba tun muna yara, gudun ma bai iya ba, takalmi ɗaya ya fice ya bar shi a tsakiyar titi. Mai walda mutum ne mai son zance, amma da ya ga fuskar Yaya sai ya kashe wutarsa ya ɗauko makullin a-kori-kurarsa. Na cusa sabon tiyon cikin jakata ban san dalili ba, muka cunkusu mu uku a gaba, ni a tsakiya.

Wanda bai san Yaya ba zai ce yaya za a yi bakanike mai shekara arba'in a sana'a ya mayar da tsohon kaya a maimakon sabo. To, halinsa ne ya ja, kuma hali zanen dutse. Yaya ba ya cire abu a jikin inji ya jefar. Ko fulogi ne, ko ɗan wani zobe da bai kai farce ba, sai ya wanke shi da kalanzir, ya sake wankewa da sabulu, ya goge, ya sa shi cikin kwalin da sabon ya zo, ya miƙa wa mai kaya ya ce, "Ga naka, shi na cire." Kwalin da na ture ma na Likita ne, yana ajiye yana jiran ta zo ta karɓa. Yana yaro, a garejin da ya koyi aiki, wani mai babur ya taɓa tara wa ubangidansa jama'a, ya ce ba a canza masa komai ba, wanke tsohon aka yi aka mayar. An nemi tsohon a cikin tarkace don a nuna masa, aka rasa. Ubangidan nan dattijo ne, ya tsaya ana kiransa ɓarawo a gaban yaransa. Yaya ya ce tun ranar ya yi wa kansa alkawari. Sai dai shi komai nasa da wuce gona da iri. Wanki yake yi wa kayan bola kamar za a kai su ɗakin amarya. Na sha gaya masa, wata rana sai ka wanke tsoho ya fi sabon kyau. Da dariya nake faɗa.

Mai walda yana ta zabga gudu, motar tana karkarwa kamar za ta watse, ni kuwa gani nake ba ma tafiya. Kowane ɗan hayaƙi na hango a nesa, ko na masu ƙona shara ne, sai in zaci babur ɗin ne. Ina ta ganin ƙafafun 'yata. Na san yadda ake zama a kan abin nan, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, tanki a gabanka, injin a tsakanin gwiwoyinka. Na san kuma yadda ciyawar gonar take a wannan lokaci, ta bushe ƙarau, ta kai ƙugu. Tsoro nake ji, kuma ni in na ji tsoro faɗa nake yi.

"Ka gani ko?" na ce wa Yaya. "Ka ga abin da nake faɗa? Kowa ya cire tsohon kaya ya wurgar, kai sai ka yi masa wanka ka shafa masa mai. Ga tabarau likita ya rubuta maka tun bara, yana cikin aljihun tebur yana hutawa. Wallahi in wani abu ya sami yarinyar nan, Yaya, ni da kai..."

"Hajiya, a yi haƙuri," in ji mai walda. "Addu'a za a yi."

"Kai dai tuƙa mota!"

Yaya bai tanka ba. Hannayensa suna kan gwiwarsa, manyan hannaye masu baƙin farce, leɓensa yana motsi. Da ya tanka da na ji daɗi, da na sami inda zan zuba abin da yake cina. Shirun nasa ya bar ni da kaina, kuma a nan na fara tuna yadda aka yi jiya.

Wajen la'asar ne. Ya riga ya sa sabon famfo cikin tanki, ya haɗa wayoyinsa. Ya wanke tsohon tiyo ya goge, ya shimfiɗa shi a benci kusa da sabon don ya yanka daidai tsawonsa. Ya yanka ke nan na faɗo masa. Na tarar da maganin hawan jininsa a shagona, kwana shida bai sha ko ƙwaya ɗaya ba. Na tsaya masa a ka, na fara tun daga maganin har na kai ga rigarsa da ta yage da gidan da ya ƙi gyara wa rufi. Yana juyowa yana ba ni haƙuri, yana cewa bari in ƙarasa wannan, ina cewa ba za ka ƙarasa ba sai ka sha a gabana. Ya je ya sha, ya dawo, ban daina ba. Yana kallona ya miƙa hannu baya ya ɗauko tiyo daga benci. Na ga hannun nan da idona. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Da na tuna haka a cikin motar sai na daina faɗan, amma ban amsa masa laifina ba.

Mutumin da nake yi wa barazanar nan shi ya riƙe ni. Yana ɗan shekara sha bakwai mahaifinmu ya rasu, ya bar makaranta ya koma facin keke a bakin titi, daga keke zuwa babur, daga babur zuwa duk abin da yake shan mai. Ya yi aure sau ɗaya, matar ta rasu wajen haihuwa ita da ɗan, bai sake ba, duk da na kai masa mata sun fi goma. Da mijina ya rasu ya bar ni da yarinya 'yar shekara uku, shi ya yanki gefen garejinsa ya yi mini shago. A cikin tayoyi Likita ta yi wayo. Kafin ta iya karatu ta san sifana mai lamba goma da mai sha biyu. Ranar da ta gama jami'a ya sa babbar riga, hular ta ƙi zama, ya yi ta kuka a bainar jama'a har na ce masa ya isa haka, kana ba mu kunya. In ta zo gida, ni gaisuwa ce tawa, hira ta kawunta ce. A wurinta duk abin da hannun Kawu ya taɓa ya gyaru ke nan, ko tambaya ba ta yi.

Mun isa ƙofar gona sha ɗaya saura kaɗan. Mai gadi ya fito yana tafiya kamar ba ya so, yana neman mu rubuta suna a littafi. Yaya ya leƙo ta taga.

"Likita ta fita?"

"Tun ɗazu. Ai yau babur ɗin sai wanda ya gani, Baba, har ƙura take tayarwa. Ta ce kawunta ne ya..."

"Ina ta yi?"

"Garken bayan tudu. Ku bi shingen nan har ƙarshe."

Hanyar ba hanya ba ce, sawun taya ne cikin ciyawa. Mota tana faɗawa rami tana fita, kaina yana bugun rufi, ban ji zafi ba. Ga sawun babur ɗin nan a gabanmu, sabo, mai faɗi. Can sai Yaya ya ce a tsaya. Ya dira ƙasa da takalmi ɗaya, ya tsuguna kan sawun, ya dangwali ƙasa ya kai hanci. Da ya dawo, warin fetur ya shigo motar tare da shi. Daga nan ni ma na fara gani: ɗigo baƙi-baƙi a tsakiyar sawun, nan ɗaya, can ɗaya, sannan suka fara matsowa kusa da juna, sannan suka zama layi.

"Taka," in ji Yaya. "Don Allah taka."

Muna hawa tudun muka ga hayaƙin. Baƙi ne, mai kauri, ba irin na ciyawa ba. Na san na yi ihu domin maƙogwarona ya kwana uku yana ciwo, amma ban ji kaina ba. Na riƙe hannun Yaya na nutsa farce a ciki. Mai walda yana ta salati da ƙarfi. Ni addu'ar ma ta ɓace mini, abu ɗaya nake maimaitawa, Allah ka bar mini ita, ko yaya take ka bar mini ita.

A gangaren muka gan shi. Babur ɗin ya zama ƙarfe baƙi, tayoyin baya suna ci gaba da ci, ciyawa ta ƙone ta yi fili kewaye da shi. Makiyaya uku suna dukan bakin wutar da ganye, ɗaya yana watsa ƙasa da shebur. Na dubi kan babur ɗin, na dubi ƙarƙashinsa, ban ga kowa ba. Na diro daga mota na zube a gwiwa. Sai ɗaya daga cikin makiyayan ya nuna mana wata bishiya da ganyen hannunsa.

Tana zaune ta jingina da gindin bishiyar, kwano ɗauke da ruwa a gefenta. Tana da rai, idonta biyu, har ta ɗago mana hannu. Na isa da rarrafe. Wandon aikinta ya ƙone daga gwiwar dama zuwa ƙasa, ta yanke sauran da almakashin aikinta, tana zuba wa ƙafar ruwa da kanta. Ba zan kwatanta ƙafar ba. Tafin hannunta ɗaya ma ya tashi, wurin da ta kashe wutar da shi. Na rungume kanta ina jin ƙaurin gashi, ina kuka ina yi mata faɗa a lokaci guda.

"Umma, ki bi a hankali," ta ce, haƙoranta suna haɗuwa. "Ƙafar ce kawai. Na yi tsalle da wuri."

Sai ta hango Yaya. Ya tsaya taku biyar daga wurinmu ya kasa ƙarasowa. Da ta gan shi sai fuskarta ta karye, ita da ba ta yi kuka don ƙuna ba.

"Kawu, ka yafe mini," ta ce. "Na ƙona maka aikinka. Ni ce. Da safe na cika tankin har ya tumbatsa ya zubo, ina sauri ban goge ba. Ka sha hana ni. Wallahi yana tafiya lafiya lau, bai taɓa daɗi irin na yau ba. Tun a hanya nake jin wari, na ce wanda na zubar ne."

Na ɗago na kalli Yaya. Babur ya ƙone ƙurmus, tsohon tiyo ya zama toka, babu wanda zai taɓa sani. Mai walda ya kau da kai yana kallon shanu. Na matse jakata a hammata, na yi wa Yaya ido, irin kallon da ya sani tun muna yara, ma'ana rufe bakinka. Ni da na zo ina cewa ni da shi, yanzu ba abin da nake tsoro kamar ta sani. Tsoron da nake ji a mota ya tafi, wani ya maye gurbinsa.

Ya ƙaraso, ya durƙusa a gabanta, ya miƙo mini hannu.

"Ba ni."

"Yaya, asibiti za mu kai ta. Ba yanzu ba."

"Ba ni, na ce."

Bai taɓa yi mini magana da wannan murya ba. Na buɗe jaka na ba shi. Ya ɗora tiyon a tafin hannunsa ya nuna mata farin rubutun.

"Kin san wannan, Uwata?"

Ta duba. A gareji ta tashi, ba ta buƙatar dogon bayani. Na ga lokacin da ta gane.

"Wannan ne ya kamata ya kasance a jiki," ya ce. "Tsohon na mayar miki. Ba man da kika zubar ba ne, shi wancan man tun kafin ki bar ƙofa ya bushe. Ni ne. Ni na ɗora ki a kai."

Na jira ya ce ana yi masa surutu a lokacin, ko ya kalle ni. Bai yi ko ɗaya ba. Likita ta daɗe tana kallon tiyon, sannan ta kalli babur ɗin, sannan ƙafarta. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta rufe ido ta ce a kai ta mota, zafin ya fara yawa.

Mu huɗu muka ɗauke ta, da wani makiyayi, muka kwantar da ita a bayan a-kori-kura kan buhunan dusa. Na ɗora kanta a cinyata. Yaya ya tsaya a ƙasa riƙe da ƙofar baya, bai san ko ana son ya hau ba. Mai walda ya tayar da mota. Sai ta ce, ba tare da ta buɗe ido ba, "Kawu, riƙe mini ƙafar, kada ta taɓa ƙarfe."

Ya hau, ya durƙusa, ya tallabi diddigenta da hannu biyu ya ɗaga. Haka ya riƙe ta a sama har gari, awa guda cur, duk ramin da muka faɗa shi yake shanye jijjigar da damtsensa. Gumi yana ɗiga daga gemunsa, hannuwan suna rawa, bai sauke ba ko sau ɗaya. Ita kuma ba ta kalle shi ba ko sau ɗaya.

Ni da na cika mota da baki a zuwa, sau uku ina buɗe shi a komowa don in ce mata ni ce na tsaya masa a ka har ya ɗauki wanda ba shi ba. Har muka shiga ƙofar asibiti ban faɗa ba. Ƙafar ta warke da tabo, shekara biyu ke nan, kuma har yau ban faɗa mata ba.